Kallon Halittun Ruwa da Haƙƙin Gulbi a Kanmu

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na wannan karo a kan ruwa yake da abin da ke rayuwa a cikinsa. Abin da ya jawo maganar shi ne, samari da yawa yanzu suna gani a wayoyinsu wasu gidaje na gilashi cike da ruwa, kifaye suna kai da kawowa, mutane kuma suna biyan kuɗi su shiga kallo. Wasu daga cikin waɗanda suka je Umra ko neman abinci a Jidda sun shiga irin gidan da ƙafarsu, sun dawo suna ba da labari. Sai tambaya ta taso: shin wannan kallo yana da amfani, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai? Wataƙila kai kuma ka ce, ina ruwan ɗan Sabon Birni ko ɗan Isa da maganar teku, mu da muke nan bakin iyakar Nijar? To, yi haƙuri ka karanta, za ka ga maganar har ƙofar gidanku ta zo.

Gidan kallon kifi

Turawa suna ce masa akwariyom. Na farko da aka buɗe wa jama'a yana cikin gidan dabbobi na birnin Landan, a shekara ta 1853. Daga nan abin ya yaɗu. A Dubai akwai wanda aka buɗe a 2008, tankinsa guda ɗaya yana cin ruwa lita miliyan 10. A Jidda, bakin Bahar Maliya, akwai na Fakieh wanda aka buɗe a 2013. A Atlanta ta ƙasar Amurka an buɗe wani a 2005, inda aka zuba irin kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda tsawonsa kan kai ƙafa 40, amma duk girman nan nasa abincinsa 'yan ƙananan halittu ne da yake tacewa daga ruwa.

Mai kallo kifi yake gani, ba ya ganin wahalar da ke bayan bango. Ka sani kifi yana numfashi ne da iskar da ta narke cikin ruwa, kuma a cikin ruwan nan yake zubar da ƙazantarsa. Idan aka bar ruwan tsaye, ƙazantar sai ta zama guba ta kashe shi. Saboda haka dare da rana injuna suna juya ruwan, suna bi da shi ta cikin matatai inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke canza gubar ta koma abu mai sauƙi. Ga masu auna zafi da sanyi, ga masu auna gishiri, domin ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, in ya ragu ko ya ƙaru da yawa kifin teku ba ya jurewa. Ga likitoci, ga masu nutso suna goge gilashi. Wuta ta ɗauke na tsawon lokaci ba tare da injin ko-ta-kwana ba, shi ke nan, an yi hasara.

To, tsaya nan ka yi tunani. Duk wannan ɗawainiya da dukiya, domin a riƙe ruwan da bai kai na wani ƙaramin tafki a fadamarku ba. Gulbin da ya ratsa ƙasarku yana yin wannan aiki tun kafin a gina Alƙalawa, babu inji, babu ma'aikaci, babu wanda aka taɓa kawo wa takardar biyan kuɗi. Wannan shi ne babban abin da ya kamata mai hankali ya fito da shi daga gidan kallo. Wanda ya shiga ya ɗauki hoto ya fito, bai ga komai ba.

Amma fa gidajen ba ɗaya suke ba, kuma ba za mu yaba su duka ba. Akwai waɗanda kuɗin shigarsu yake tafiya wajen bincike da jinyar dabbobi. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, gidan da ake kira Two Oceans, wanda aka buɗe a 1995, yana karɓar kunkurun teku da igiyar ruwa ta watso gaɓa, da yawansu sun haɗiyi leda, a yi musu magani, in sun warke a mai da su teku. Wannan aiki ne mai kyau, wanda ya biya kuɗin shiga ya sa hannu a cikinsa. Akwai kuma waɗanda kasuwa ce zalla: a kamo dabba mai yawon ɗaruruwan mil a kulle ta a ƙuntataccen wuri, a koya mata tsalle domin 'yan kallo su yi tafi. Kai ka san abin da ya zo game da matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya tsare rai ya ɗauki nauyinsa. Saboda haka idan Allah Ya kai ka, ka buɗe ido, ka karanta allunan da aka kafa, ka tambayi ma'aikata ina kuɗin yake zuwa. Kada ka buga gilashi don kifi ya motsa, kada ka jefa masa abinci, kada ka sayi abin ado da aka yi da ɓawon kunkuru ko murjanin da aka fasa daga teku. Kuma kada kallo ya sa lokacin salla ya wuce ka. In guzurinka bai kai ba, kada ka ci bashi, babu wanda aka wajabta wa.

Namu gidan kallon

Yawancinmu ba za mu je Jidda ko Dubai ba. Amma duba abin da ke gabanka. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, su biyo ta ƙasar Isa, su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya tsallaka Nijar, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a yankin Sabon Birni. Daga nan Rima ya nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kabi, su zuba a Kwara, Kwara kuma ta kai teku. Ka ga ke nan ledar da ka jefa a gulbi da damina tana kan hanyar da ta kai ga kunkurun nan da muka ambata. Ba mu yi nisa da teku kamar yadda muke zato ba.

Kakanninka ba su kafa garuruwansu a nan don banza ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir har zuwa 1808, a bakin Rima yake. Fadama ce ta riƙe mutane: shinkafa, da albasa, da kiwo, da su.

Yanzu bari mu leƙa cikin ruwan. Ɗauki gaiwa, wadda wasu ke ce wa mai mama. Kifi ce amma tana da huhu, tana shaƙar iska kamar kai. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da zai bushe ya zama mata kamar kube, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, ƙasa ta tsage a kanta, shanu suna takawa, har ruwan sama ya sauka ta farka. A manyan gidajen kallo na Turai ana ajiye ta a tanki na musamman, ɗalibai suna tsayawa suna rubutu. Mu kuwa yara ne ke haƙo ta da fartanya, ba wanda ya tsaya ya yi mamaki.

Ɗauki karfasa, ko gargaza kamar yadda ake faɗa a wajenmu. A cikin irinta akwai wadda uwar take kwashe ƙwanta a baki bayan ta saka, ta riƙe su kwana da kwanaki ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe. Bayan sun fito ma, in sun ji tsoro sai su ruga su koma bakinta. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ga tarwaɗa, mai jure rashin ruwa, wadda kan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Ga bargi, mai share ciyawa ya gina sheƙa zagayayya a fadama lokacin ambaliya. Ga minjirya, wadda duk ɗan masunci ya san zafinta. Wutar da take saki tana iya wuce bolt 300, watau ta fi ƙarfin wadda ke cikin wayar gidanku, sai dai ba ta daɗewa. Malamin nan likita Abdullaɗif na Bagadaza, wanda ya zauna Masar wajen shekara ta 1200, ya siffanta ta a cikin abin da ya rubuta game da ƙasar. Yauni kuma wutarsa 'yar kaɗan ce, ba ta girgiza mutum, da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin ruwa mai duhu. Sai a 1951 wani mai bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya gano haka. Malaman Musulmi na da ba su raina irin wannan ilmi ba. Jahizu na Basra da Damiri na Masar duk sun wallafa manyan littattafai a kan dabbobi. Mu ne dai muka wayi gari saurayi yana iya lissafa 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya, amma bai iya bambanta kurungu da ramboshi ba.

Ina kifin ya tafi?

Tambayi kowane tsohon masunci, zai gaya maka kifin yau ba na da ba ne, ko a yawa ko a girma. Dalilan suna da yawa, wasu sun fi ƙarfinmu, wasu kuwa hannunmu ne.

Kifin gulbi rayuwarsa a kan ambaliya take. Idan ruwa ya cika ya malala fadama a tsakiyar damina, sai kifi ya bi shi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi da tafkuna. Madatsun ruwa sun canza wannan tsari. An gama ta Zoɓe kusa da Dutsin-ma a 1983, a kan ruwan da ke zuwa Bunsuru. An gina ta Jibiya a kan ruwan da ke zama Gulbin Maraɗi. An gama ta Goronyo a 1984, mai iya ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942, ita kuma ta tsaya tsakaninmu da kifin da ke haurowa daga ƙasa. Ba cewa muke madatsa sharri ce ba. Sakkwato da ruwan Goronyo take sha, manoman rani da shi suke aiki, tafkinta ma ana su a cikinsa. Amma kowane gini da farashinsa. A 2010 ruwa ya yi yawa har ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a ƙasan madatsar, a 2018 kuma ruwanta ya ja baya har ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma. Ga yashi da ke cike gulbi saboda an sare itatuwan gaɓa. Waɗannan sai hukuma da haɗin kan jama'a.

Wanda yake hannunmu shi ne abin da za a tambaye mu. Na farkonsa guba. Tun da can akwai masu daka majimfa su zuba a ruwa, amma abin ya munana da zuwan magungunan ƙwari. Wanda ya yi suna shi ne Gamalin 20, maganin feshin koko, wanda a 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin waɗanda aka hana, a 2015 kuma masu binciken ciwon daji suka tabbatar yana haddasa cutar. Yau wasu da maganin feshin gona suke yi. Mutum ya zo da asuba ya tsiyaya a tafki, kafin hantsi komai ya taso ciki sama: babba da ƙarami, da kwaɗo, da ƙwarin da kifi ke ci. Ya tsince na tsincewa ya bar sauran su ruɓe. Makiyayi ya kawo shanunsa su sha. Mata su ɗebi ruwan. Shi kuma ya banɗare kifin ya kai kasuwa, ya sayar wa ɗan'uwansa Musulmi bai faɗa masa ba. Lissafa laifi nawa ke cikin wannan aiki guda: kisan rai ba don ci ba, da cutar da maƙwabci, da algus a ciniki. Gaskiya ne an halatta mana abin da ke cikin ruwa, ba ya ma bukatar yanka. Amma halaccin kifi bai halatta kowace hanyar kama shi ba. Ka koma ga aya ta 41 a Suratur Rum, ka nemi malami ya karanta maka tafsirinta, ka ga ko maganar ɓarna a tudu kaɗai ta tsaya.

Na biyu taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro. Ana raba gidan sauro kyauta don a tsare yara daga zazzaɓi, sai ka ga an ɗinke biyu ko uku an ja a ruwa. Ba ya barin komai, ɗan kifin da bai kai yatsa ba ma yana ciki. A cika kwano da abin da in an bar shi wata shida zai cika buhu, yaron da aka ba gidan kuma yana kwana sauro na cizonsa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, wadda gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1992, ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana taru wanda idonsa bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai wasu 'yan nau'o'in taru da ta keɓe. Dokar tana nan a takarda. Wa zai tsare ta a bakin tafki in ba mutanen garin ba?

Na uku su a lokacin ƙwai. Ka tuna gargazar nan mai 'ya'ya a baki. Wanda ya kama ta a wannan hali yana ganin kifi ɗaya ya kama, alhali ɗaruruwa ya kashe.

Rufe ruwa da buɗe shi

A nan akwai wata magana da ta shafe ku samari musamman, ina so ku fahimce ta da kyau. A ƙasar Hausa tun da, manyan tafkuna da guraben gulbi suna da mai kula da su, Sarkin Ruwa. Shi ke cewa an rufe, ba mai jefa koma ko birgi, har ranar da za a yi shela a buɗe, gari duka a faɗa a yi su. A wurare da yawa an cakuɗa wannan da yanka ga iskokin ruwa da tsoratar da mutane da su. Wannan ɓangare ba namu ba ne, kuma barinsa daidai ne. Amma sai wasu suka haɗa har da rufewar suka watsar, suna cewa ai duk al'ada ce, ruwa na Allah ne, kowa ya shiga lokacin da ya so. Wannan kuskure ne. Rufe ruwa don kifi ya hayayyafa maslaha ce ta jama'a, kuma shugaba yana da ikon keɓe wuri saboda maslaha. A fiƙihu ana kiran irin wannan keɓewa hima. In hatsi ya haɗu da tsakuwa tsincewa ake yi, ba a zubar da ƙwarya.

Dubi Argungu. Bikin sun da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ba zai yiwu ba sai don ana hana su a wani yanki na Matan Fada har ranar gasa, kuma ranar ma da koma da gora ake shiga. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai mutum uku ko huɗu sun ɗaga. Na shekarar 2020 ya kai kilo 78. Ba wani asiri ba ne, kifi ne aka ƙyale ya girma. A ƙetaren iyaka kuma, tafkin Madarunfa ya shiga jerin wuraren ruwa da ake kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2019.

Camfi ma yana da nasa kason a ɓarnar. Ayu, wanda ke zaune a Kwara da Binuwai, dabba ce mai cin ciyawa, mai shayar da ɗanta nono, tana ɗaukar ciki kamar shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak. Ana kashe shi saboda nama da mai, da kuma sassan jikinsa da masu tallar magani ke cewa suna jawo farin jini ko ƙarfin maza. Tun 2013 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda ya yi ƙaranci. Samari ne masu saye. Ranar da kuka daina saye, mafarauci zai rataye zagonsa.

Idan ka ce, malam, mu da ake kashewa ana sacewa, wa ke ta kifi? Maganarka tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, gonaki da fadamu da yawa sun gagari masu su. Ba wanda zai ce ka kai kanka bakin ruwan da babu aminci don kallon kifi. Tsare ranka shi ne gaba. Amma ka lura, lokacin da shanu suka tafi, noma ya ragu, kifi shi ne naman da ya rage wa talaka, kuma 'yan wuraren da ake iya zuwa su ne kowa ya taru a kansu. Tafkin da ke kusa da gari yanzu yana ciyar da 'yan gari da 'yan gudun hijira. In an zuba masa guba bana, baɗi marayun nan me za su ci?

Abin da muke nema gare ka mai sauƙi ne. Ranar kasuwa ka tsaya wajen masu kifi da littafinka, ka zauna kusa da dattijo cikinsu da ladabi, ka ce, “Baba, wanga mi as sunanai?” Ka rubuta sunan, da watan da yake ƙwai, da inda ake samunsa, da waɗanda ya sani da ƙuruciya amma yanzu ya daina gani. Wannan ilmi yana kan tafiya tare da masu shi. Idan ku biyar ne ko goma a majalisarku, ku haɗa abin da kuka rubuta ku kai wa limami da mai gari da Sarkin Ruwa in akwai shi, ku roƙi a zauna a sa wa tafkin garinku watannin hutu, a yi shelarsu a masallacin Juma'a. Wanda kuka san yana zuba magani, ku fara samunsa a keɓe, ku yi masa magana da taushi, domin sau da yawa yunwa ce ta kai shi. In da hali ku tara ku saya masa taru mai manyan idanu. In ya ƙi, sai a kai maganar gaba, ban da duka, ban da tozartawa. Kifin da ka ga ya taso da kansa yana juyi a kan ruwa, ko wanda kake shakkar yadda aka kama shi, kada ka saya, kome arharsa, kuma ka hana a kai shi gidanku.